Motata da Rubutun Bayanta

Ranar da na biya kason ƙarshe na bashin motata, ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Shekara da shekaru ina jigilar mutane da albasa tsakanin Jega da Aliero, ko tsire ban yarda na saya ba. Na wuce wurin Sani mai fenti, na sa ya rubuta mata da manyan baƙaƙe a baya: BA BASHI.

"Kuɗɗin aikin hwa, maigida?" in ji shi.

"Haba Sani! Wanda ya biya mota, fenti zai gagare shi? Sai gobe."

Abin da ke aljihuna na juye wa mahauci, na tara 'yan tasha muka kwashi balangu. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako.

Ranar kasuwa ina lodi na ji ana ta ƙyaƙyata dariya a bayana. Ashe Sani ne ya lallaɓo da burushinsa ya shafe "BA", ya bar sauran.

Nan take na biya shi, ya mayar. Amma har yau da na shigo tasha sai ɗan kamasho ya ɗaga murya: "Aliero! Saura mutum ɗaya, a shiga Bashi!"