An Naɗa Ni Ɗan Rakiya, An Miƙa Mini Jarka

Jiya a layin mai na wuni, jarka a hannu, rana tana gasa mini ƙeya, alhali ko keke ban mallaka ba. Jarkar ta Ranka-ya-daɗe ce, Mai Kujera Mai Juyawa, shugaban ofishinmu. Janaretansa ne ke jin ƙishi.

Bari in ba ku daga tushe. Akwai baiwar Allah mai buga mana takardu, muna ce mata Uwar Biyu. Da albashin nan take ciyar da tagwayenta. Tun bara Ranka-ya-daɗe ya sa ta gaba: yau ya yabi turarenta, gobe hannunsa ya yi ɓatan hanya zuwa kafaɗarta. Da ta kai ƙara, manya suka kafa kwamiti, suka tafi otal suka yi mako suna nazari da cokali. Suka dawo da doka mai kyau, Allah ya ƙara musu basira: mace ba za ta ƙara shiga ofishin shugaba ba sai da ɗan rakiya. Ni aka naɗa, har da kati a wuya.

Abin da suka manta, ɗan rakiyar ma yaron shugaban ne. Da mun shiga sai ya ce, "Malam, janareta zai mutu, ɗauki jarka." An yi ba a yi ba, rufe ƙofa da ɓarawo. Wallahi abin yana ci mini rai.

To jiya ina fita sai na ji takun takalmi a bayana.

"Baba, doka ta ce kada in rabu da kai," in ji Uwar Biyu. "Inda ka sa ƙafa nan zan sa."

Haka muka bi layi tare. Ta ce tun da ta kama aiki ba ta taɓa samun kwanciyar hankali irin ta gidan mai ba. Muna komawa aka tuhume ta da barin bakin aiki. Gobe za ta yi bayani a gaban shugaba, a ofishinsa, in bai gamsu ba a sallame ta. Ɗan rakiya kuwa ni ne dai.

Yau na kai kukana wurin maƙwabcina mai ɗori. Ya saurara, ya dubi ƙafata.

"Maƙwabci, ana aiken mai karaya?"

"Ai ban karye ba."

"Kafin gobe ka karye. Miƙo ta nan."

Yanzu haka ƙafar, da lafiyarta ƙalau, tana ɗaure da kara da tsumma, kuma zan zauna daram a ofishin nan har Uwar Biyu ta gama bayaninta ta fito da aikinta. In kun ji kwamiti ya karɓi lambar yabo kan dokarsa ta yi aiki, ku tafa masa, amma ku sa mai ɗori a cikin addu'a.