An Ɗora Maganata a Kan Tebur

A gidan abincin Opal muka ƙulla cinikin, ni da Dwayne Hostetler mai sayar da tsofaffin motoci, kofi na huci a tsakaninmu. Shi yana neman kujera a majalisar amintattun kwalejin gundumarmu, wadda mu talakawa muke zaɓa. Ni kuma ina neman kada a rufe ajin walda na yamma.

"Baba Orval," in ji shi, "kaf garin nan wa bai san ka ba? Ka kawo mini 'yan cocinku da tsofaffin direbobi, ka ga aiki."

"In na kawo, me zan samu?"

"Zaman farko, da bakina zan ɗora maganar waldarka a kan tebur."

Muka tafa. Har ya biya kuɗin kofin, abin da ya kamata ya tsorata ni, don mutumin da ya taɓa sayar mini da mota marar giyar baya ba ya kyauta a banza.

Ga dalilin damuwata. 'Yata Charlene ta haura arba'in. Da aka rufe kamfanin katifar da take aiki, ta koma figar kaji da rana, da yamma kuma tana koyon walda a kwalejin. Ta ci rabin karatun, sai aka kawo mana Mai Girma Shugaban Riƙo. Ku lura, a kwalejin nan kowa na riƙo ne. Shugaba na riƙo, mataimakinsa na riƙo, har mai gadin wurin ajiye motoci ya ce mini shi ma riƙo yake. Ni da na ƙare rayuwata a tuƙin tirela, na san in kowa yana riƙo, to ba mai tuƙi.

Mai Girman, Allah ya ƙara masa hangen nesa, ya ɗauko wani Gwani daga babban birni ya sake wa kwalejin fasali. Gwani ya zaga, ya auna, ya gano cewa matsalarmu ƙarancin mataimakan shugaba ce. Aka naɗa Mataimaki Mai Kula da Annashuwar Ɗalibai, aka naɗa Mataimaki Mai Kula da Sauran Mataimaka. Ofis kuwa ya yi kaɗan, sai ido ya faɗa kan ɗakin walda, mai faɗi da iska.

Na yi wa Dwayne aiki kamar jakin haya. Na bi coci, na bi shagon aski, na bi gidan tsofaffi. Maƙwabcina Cletus ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Orval, Dwayne fa? Dwayne na motar nan?"

Na ce, "Mutum yana tuba."

"Yana tuba, amma ba ya mayar wa mota giyar baya."

Dwayne ya ci zaɓe. Aka sa zaman farko ranar aiki da hantsi, lokacin da duk mai abin faɗi yana wurin neman abinci. Wannan ma hikima ce, ban raina ba. Na sa kwat ɗin da nake zuwa jana'iza da ita, na zauna a layin gaba. Da aka ba jama'a dama, jama'ar kuwa ni kaɗai ne, na tashi na yi magana a kan Charlene da 'yan ajinsu. Wata 'yar majalisa, tsohuwar malamar asibiti, ta kawo shawarar a bar ajin walda yadda yake. Na ga kawuna biyu suna gyaɗawa, na ce a raina yau dai an dace.

Sai Dwayne ya gyara wuyan riga, ya dube ni, ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, ina ba da shawarar a ɗora wannan magana a kan tebur."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Na goyi baya!" Na yi tafi har hannuna ya yi zafi. Shugaban majalisa ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba ka da ƙuri'a a nan, amma mun ji muryar al'umma." Malamar asibitin ta dube ni kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa da kalangu. Na ɗauka hassada ce. Aka ɗaga hannuwa, aka buga guduma. A bakin ƙofa na rungume Dwayne, na ce masa ɗan halak.

Na iso gida ina fito. Maybelle, matata, wadda ta daɗe tana sakatariyar zumuntar matan coci, tana yanka albasa.

"Tsohuwa, an gama. An ɗora a kan tebur."

Ta ajiye wuƙar. "Wa ya ɗora?"

"Dwayne. Ni kuma na goyi baya."

"Ka goyi baya. Da bakinka, a gaban mutane."

"Har da tafi."

"Orval, a gidan nan ne in an ɗora abu a kan tebur ake ci. A wurin taro, in sun ɗora magana a tebur, sun ajiye ta ke nan, ba mai sake taɓa ta. Haka muka yi wa maganar sabon labulen coci, kuma ka ga labulen."

Na ga labulen. Tun ina da gashi yake nan.

Rashin sani ya fi dare duhu. Tunda majalisa ba ta ce a bar ajin ba, tsarin Gwani ya wuce salin alin. Na kira Dwayne, ya ce, "Baba, me na ce zan yi? Na yi ko ban yi ba?" Na laluba ta ko'ina, ban sami ƙarya a maganarsa ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Jaridar gari kuma ta buga hotona baki buɗe, hannuwa sama, ta ce wani dattijo ya yi maraba da sabon tsari.

Charlene ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi hoton ta ce, "Baba, kwat ɗin ta yi maka kyau." Yanzu sai ta tashi daga wurin kaji ta kama hanyar gundumar da ke gaba da mu, inda 'yan kwalejin can suka ce ta faro walda daga farko, don darasin kwalejinmu bai dace da fasalinsu ba. Su ma ashe Gwani ya ziyarce su.

To ga yadda aka tashi. Dwayne ya sami kujera. Mai Kula da Annashuwa ya sami ofis mai iska, an ce har da kafet. Charlene ta yi asarar rabin karatu da barcinta. Ni ma ban fita hannu rabbana ba: Mai Girma Shugaban Riƙo ya naɗa ni a kwamitin jin ra'ayin jama'a. Cletus ya ce sun daɗe suna neman mai tafi kafin ya gane.