Rasuwar Mbah Ireng, Soson Tankin Kifina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Kasmuri, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Semarang, mazaunin hawa na tara a wannan bene na Bekasi, nake sanar da maƙwabta rasuwar abokin zamana, soson tace ruwan tankin kifina, wanda aka fi sani da Mbah Ireng, wato Baƙin Kaka. Ya rasu ana saura 'yan kwanaki Ƙaramar Sallah, a cikin bahon wanki, ba na kusa. Na tambayi limamin masallacin ƙasa ko ya halatta a yi wa soso innalillahi, ya ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke ana yi. To, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne, kuma bai taɓa cewa shi kyakkyawa ne ba. Girmansa bai wuce gwangwanin madara ba. Ya shekara goma da ɗoriya a kusurwar tanki da bututun iska a ka, baƙi ƙirin, da santsi, da warin laka. Bai taɓa neman hutu ba. Maganarsa ɗaya ce safe da yamma: buɓ, buɓ, buɓ. Idan aka ɗauke wuta ya yi shiru, idan aka dawo da ita ya ɗora daga inda ya tsaya, ba mita ba ƙorafi.

Ga waɗanda ba su san aikinsa ba, kuma na lura a benen nan suna da yawa, ga shi a taƙaice. Kifi a ruwan da yake shaƙa yake bayan gida. Ƙazantar nan takan zama guba mai suna amoniya, wadda ke ƙona masa wurin numfashi. A cikin ramukan tsohon soso akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu cinye gubar su mayar da ita wata gubar daban, sannan wasu 'yan uwansu su cinye wannan ma su bar abin da ciyawar ruwa ke so. Sabon tanki ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, sai ya yi makonni kafin su taru, kuma a makonnin nan ne kifin mutane ke mutuwa. Baƙin da ke jikin Mbah Ireng gari ne guda da jama'arsa.

Shi ya sa a tsohuwar unguwarmu ta Semarang ba wanda ke kafa sabon tanki bai biyo ta ƙofata da leda ba. Ina matsa masa marigayin, ruwan laka ya zuba, ya kai gida ya juye a nasa. Da tsohuwar zuma ake magani. Koh Liong mai taliya tun daga bakin lungu yake kira: "Kasmuri, ina tsohon ƙazamin nan? A matso mini rabona!" Tukijan wanzami kuwa sai ya leƙa tankin, ya dube ni, ya ce, "Tsakaninka da soson nan ban san wanda ya fi jimawa bai ga sabulu ba." Ba mai karɓar leda ya tafi a tsaye. Sai an zauna, an sha shayi mai zaƙi, an ci soyayyen tempe na waken soya, an zagi ruwan teku da ke shigo mana ɗaki.

Ruwan tekun ne ya ci unguwar. Mun yi ta ɗaga daɓen ɗaki har sai da na fara sunkuyawa kafin in shiga gidana. Kowa ya kama gabansa. Ɗana Galih ya zo ya ce, "Bapak," wato Baba, "ya isa haka," ya ɗauko ni. Tsohon tankin ya tsage, a can na bar shi. Kifayena biyar na zuba a bokiti, Mbah Ireng kuma na ɗaure shi a leda cikin ruwan tsohon gida, na riƙe shi a cinya a jirgin ƙasa har muka iso.

Galih ya saya mini sabon tanki, babba, mai shuɗiyar fitila. Na ajiye ruwan famfo a bokitai ya kwana, maganin da ake zuba masa ya fita, na jefa busasshen ganyen bishiyar ketapang mai gyara ruwa, na zaunar da marigayin a kusurwa. Kullum da safe ina ɗiga ruwan gwaji a 'yar kwalba: rawaya lafiya, kore guba. Rawaya nake gani. Tsoho ya riƙe sabon gida shi kaɗai, bai bar kifi ko ɗaya ya yi tari ba. Galih da matarsa Ningrum suna fita da sassafe, sai bayan isha'i suke dawowa. A tsakanin nan muryar da ke gidan tasa ce, kuma ina amsa masa, ba na jin kunyar faɗa.

Ajali ya zo ta hannun alheri. Ningrum shagon wanki da guga take da shi, yarinya ce da ba ta iya ganin datti ta yi barci. An shiga sharar Sallah, labule da tabarma da fanka duk sun sha wanki. Na dawo daga la'asar ta tare ni a ƙofa tana murmushi, hannunta a bayanta.

"Bapak, rufe ido ka ga abin mamaki. Ashe abin nan shuɗi ne? Wallahi na yi ta ɗaurayewa laka tana fita, sai da na jiƙa shi a ruwan zafi da maganin farin kaya. Yanzu kifayenka ma za su yi Sallah cikin tsabta."

Shuɗi ne kuwa, ni kaina na manta. Yana ƙamshin furen melati. Na karɓe shi da hannu biyu, na ce, "Sannu da aiki, Nduk, 'yata. Allah ya yi albarka." Me zan ce? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mai zama a ɗakin ɗansa ba ya ɗaga murya a kan soso. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji ni.

Na ɗauraye shi sosai na mayar da shi kusurwarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai daina magana ba. Buɓ, buɓ, buɓ, yadda ya saba, alhali ba kowa a ciki, ruwan zafi da magani sun kashe jama'ar garin.

Washegari Galih da Ningrum suka tafi garin Klaten yin Sallah wurin iyayenta. Na ce ba zan bar kifi ba. Galih ya ce, "Bapak, soso ne fa! Na yi odar goma a waya." Odar ta iso kuwa, soso goma cif, masu tsabta, wofi. Ruwan tanki ya yi fari kamar na wankin shinkafa. Kwalbar gwaji ta nuna kore, sannan kore mai duhu. Kifayen suka taru a sama suna haki. Na rage musu abinci, ina kwashe wani sashe na ruwan kowace safiya ina zuba wanda ya kwana, na juye har da wani ruwan kwalba da aka ce yana ɗauke da halittun nan. Idan suna ciki, Allah ya ba su lafiya. Ranar idi, ana kabbara a masallacin ƙasa, na tsame biyu da cokalin miya. Biyu suka bi bayansu. Benen nan kuma ya zama kufai, kowa ya tafi garinsu, ko wanda zan ce wa "ka ga abin da ya same ni" babu.

Marigayin ya bar 'ya'ya da jikoki da ba sa ƙirguwa, a tankunan Koh Liong da Tukijan da sauran mutanen unguwarmu, waɗanda yau ban san inda mafi yawansu suke ba. Ya bar injin iska da bututu. Ya bar ni. Ya kuma bar maraya ɗaya, Pak Lurah, tsohon kifin zinariya da muke kira Mai Unguwa saboda yadda yake zagaya tanki yana duba kowa. Yanzu ba ya zagaye. Yana kwance a ƙasa, jan jini ya fito a jelarsa, idan na zo ya ɗago ido kawai. Sabbin halittu za su taru wata rana, amma ba na jin zai iya jiransu.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a tukunyar fulawar da ke ƙarshen barandar hawa na tara. Likkafani tsohon hankici ne, na riga na goge. Ningrum ba ta san abin da wankinta ya jawo ba, kuma ina roƙon kada a gaya mata.

Zaman makoki a ɗakina ne, ƙofa ta ƙarshe ta hagu. Kada a kawo shinkafa, kada a kawo ambulan na kuɗin ta'aziyya. Duk mai tankin kifi a benen nan, kuma na san akwai, don ina hango fitilunku ta taga, ya taimaka ya matso mini tsohon sosonsa a leda, da lakarsa da warinsa, kada ya wanke. Ba sai an jira Juma'a ba, Pak Lurah ba shi da wannan lokacin. Akwai shayi, akwai kujeru uku.

Wanda kuma ba shi da tanki, ba shi da soso, ya zo haka nan.