Gida Mai Bango Uku

Ni dai, jama'a, Allah ya yi ni da saurin tafi. Da na ga an kafa rumfa an jera kujerun roba, wani babba ya miƙe ya gyara murya, hannuwana sai su kama aiki tun kunnuwana ba su gama nasu ba. Uwar yara ta daɗe tana cewa wata rana sai na tafa wa wanda ya kawo mini sammaci. Ashe ma sassauta mini ta yi. Kwanakin baya, a gaban jama'a, ina tsaye ina washe baki, na tafa wa rushe bangon ɗakin kwanana.

Ga yadda abin yake. A bayan layinmu akwai tsohuwar masaƙa, wadda ta ciyar da iyayenmu kafin ta mutu. Marigayi babana a sashen rini ya yi aiki, har ya koma ga Allah farcensa bai daina shuɗi ba. Lokacin da shi da abokan aikinsa suka samu 'yan filaye a bayan masaƙar, sai suka tsaya suka ƙare wa katangarta kallo. Doguwa ce, mai kauri, ƙusa ba ta shigarta sai mutum ya yi gumi. Suka ce, wane irin rashin hankali ne mutum ya gina bango a jikin bango? Kowa ya tayar da bango uku, ya jingina da katangar kamfani, ya ɗora kwano, ya shige da iyalinsa. Haka layin yake tun daga farkonsa har ƙarshe. Manajoji sun gani sun kau da kai, don ma'aikacin da ke kwana a jikin katanga ba ya makara.

A jikin katangar nan aka haife ni. Muna yara, in injuna suka tashi gado har rawa yake yi, rawar ce ma ke sa mu barci. Yanzu gadona ne a jingine da ita, da madubin uwar yara, da sif ɗin da ba a taɓa matsar da shi ba tun ranar da aka shigo da shi. Masaƙar kuwa, tun da aka rufe ta, injunanta suka yi ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kwanon rufinta ya yi fiffike, aka bar wa awaki da ƙadangaru filin.

Ana nan sai Hukumar Ƙawata Inda Ake Gani ta tuna da mu. Aka ce za a mayar da filin masaƙar sabuwar unguwa, da benaye da shaguna da wurin shan iska. Sunan unguwar na Turanci ne mai tsawo, an ce ma'anarsa tana da alaƙa da bakin tafki. Mu dai tafkin da muka sani a wurin shi ne ramin da ake zubar da ruwan rini, amma ilimi ya fi mu.

Ana jibi bikin aza harsashi, motoci suka kawo bishiyoyi a cikin tukwane aka jera. Ciyawa ma a naɗe ta zo kamar darduma, aka shimfiɗa. Ban taɓa sanin ana hayar ciyawa ba sai da na ga an naɗe ta an mayar da yamma bayan an tashi daga bikin. Ranar bikin na baro babur ɗina a layin mai, inda ya riga ya saba da kwana, na taho da ƙafa, na iske jerin motocin babban baƙo, Mai Girma Babban Mai Almakashi, duk a kunne, babu kowa a ciki, ana sanyaya masa kujera.

Mai Girma ya iya magana, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya ce wannan fili shekara da shekaru yana kuka, yau an zo share masa hawaye. Ya ce sabuwar unguwa ta kowa ce. Sannan ya juya ya nuna bayansa da sandar girma, ya ce, “Abu na farko da za mu yi shi ne mu rushe waccan katanga da ta raba talaka da ci gaba.”

Ni na fara tafi. Har miƙewa na yi.

Tela, maƙwabcina na dama, ya ja mini gefen riga. “Malam, zauna. Wace katanga kake jin yake nufi?”

Na ce, “Ta zalunci mana. Magana ce irin ta manya.”

Ya ce, “To bi sandarsa da ido. Ka ga wancan ɗan bututun da ya leƙo? Na makewayinka ne.”

Na zauna a hankali. Tafin kuwa ya riga ya kama, rumfa gaba ɗaya ta ɗauka, har da mai ɗaukar hoto ya matso ya ɗauke ni a matsayin talakan da ya fi kowa murna.

Bayan an yanka ƙyalle aka ce jama'a su zo su ga samfurin unguwar, an ƙera shi ɗan ƙarami a cikin akwatin gilashi. Abin sha'awa. Ga benaye, ga motoci kamar ƙwayar wake, ga 'yan mutane farare tas suna yawo da karnuka. Ni da Tela muka zagaya muna neman layinmu. A inda ya kamata ya kasance, sai muka ga an jera soso kore a kan tsinke.

Wani saurayi ne ke gadin akwatin, Injiniya ake kiransa, da farar hular kwano wadda ko ƙura ba ta taɓa gaisawa da ita ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, nan fa mene ne?”

Ya ce, “Bishiyoyi ne, Baba. Iska mai kyau.”

Tela ya ɗora yatsa a kan gilashin. “Malam, ga ka nan. Ni ne wannan na kusa da kai. Ka ga ma na fi ka ganye.”

Da na koma gida na iske labari ya riga ni. Uwar yara tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

“An ce kai ka fara.”

Na ce, “Ban gane wadda yake nufi ba ne.”

“Ai shi ke nan. In sun rushe sai ka riƙa karɓar baƙi daga kan gado. Ni dai a ba ni labule, don ba zan ɗaura ɗankwali a gaban mutanen bene ba.”

Dariya na so in yi, amma da na shiga ɗaki na dubi bangon sai ta maƙale. Ba mu da wani wurin. Gidan nan shi ne abin da babana ya bari, kuma rubu'insa ashe aro ne.

Mutanen layi suka taru suka naɗa ni kakaki, wai tunda ina rubutu a jarida, kuma tunda ni na jawo. Muka ɗunguma zuwa Hukumar. Ofis ne mai kyau, a yaba musu. Akwai benci na masu jira, an goge shi da zaman mutane har yana ƙyalli, akwai fankar da ke juyawa gefen masinja kawai. Muka yi ta zuwa ana ce mana maigida yana taro, har masinjan ya fara tambayata lafiyar yara. Ranar da Allah ya yi, aka shigar da mu wurin wani Mai Girma ƙarami, Mataimakin Mai Riƙe Almakashi, ya shimfiɗa taswira a kan tebur.

Ya ce, “Kun ga katanga?”

Muka ce mun gani.

“Kun ga gida a jikinta?”

Na ce, “A nan dai babu, ranka ya daɗe. Amma in ka zo za ka gani.”

“Ba na buƙatar zuwa. Katanga ce ita kaɗai, a fili.”

Tela ya ce, “To mu a ina muke kwana?”

Mai Girma ƙarami ya yi murmushi irin na wanda ya sha karatu. “Wannan tambaya ce mai kyau. Za a kafa kwamiti.”

An kafa kuwa. Na ga 'yan kwamitin sau ɗaya, sun zo a mota mai baƙin gilashi, suka tsaya a bakin layi, ɗaya ya sauke gilashi ya shaƙi iska, ya mayar. Na ji an ce daga baya sun tafi wata ƙasa su ga yadda ake rushe katanga a can.

Katafila ta iso wata safiya, ta fara daga ƙarshen layi, gidan Mai Faci. Abin da Hukumar ba ta lissafa ba shi ne, a safiyar nan ce aka kawo masu sayen gidaje su ga inda benayensu za su tsaya. Manyan mutane, turare yana tashi, kowa da ruwan roba a hannu, Injiniya yana gaba yana nuna musu sama. Katafila ta sa baki ta ɗauke bangon kamar an yaye labule. Da ƙura ta lafa, sai ga Mai Faci a tsakar gidansa, daga shi sai tawul, da bokiti a hannu da soso a kafaɗa. Bayansa ga shanya, ga tsofaffin tayoyi, ga akuya a kan turmi, ga layinmu gaba ɗaya a miƙe har bakin kwata.

Mai Faci mutum ne mai ladabi. Ya ajiye bokiti ya ce, “Sannunku da zuwa.”

Wata baiwar Allah a cikinsu ta zare baƙin tabarau, ta dube shi, ta dubi akuya, ta juya wurin Injiniya. “Waɗannan za mu riƙa gani daga baranda?”

Injiniya ya ce, “A'a, ranki ya daɗe, bishiyoyi ne a nan.”

Ta ce, “Wannan bishiyar da tawul take.”

Ba a sake jin ƙarar katafila ba. Abin da zaryarmu ta kasa yi, tambayar baiwar Allah ta yi shi kafin azahar. Mako bai zagayo ba aka sake kafa rumfa, bishiyoyin haya suka dawo, har na gane wata mai karyayyen reshe. Mai Girma Babban Mai Almakashi ya ce shi shugaba ne mai sauraron koken talaka. Ya ce ya ji kukanmu, barci ya gagare shi, don haka katanga ta tsaya, tarihi ce, gadon iyayenmu ma'aikata ce. Ba ma tsayawa kaɗai ba, za a ƙara mata tsawo domin a kare mutuncinmu.

Jama'a, mun yi murna, ban ɓoye muku ba. Mai Faci aka mayar masa da bangonsa sabo fil, har yana cewa da ya sani da tuni ya yi wanka a gabansu. Tela ya ɗinka wa uwar yara labule kyauta, ya ce ta ajiye ko don gaba. Ni kuma a layi aka fara kirana Kakaki, ina amsawa, kamar ni na yi wani abu.

Magina suka zo suka hau. Suka yi ta jera bulo a kan tsohuwar katanga, layi bisa layi, har ta ninka tsawonta, suka naɗa mata waya mai ƙaya a ka. Ta gefensu aka yi mata shafe, aka zana bishiyoyi da tsuntsaye da wani tafki shuɗi. Ta gefenmu aka bar mana bulo tsirara da siminti yana zuba kamar majina. Rana ta daina shigowa tsakar gidanmu sai ta take tsaka, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. Shanyar uwar yara sai ta kwana biyu tana ɗiga. Na ce mata ta yi haƙuri, inuwa ce aka ba mu kyauta, wasu sai sun dasa bishiya.

Na tambayi babban maginin ko an duba harsashin kafin a ɗora masa wannan kaya. Ya ce shi sama aka ba shi kwangila, ƙasa ta wani ce.

Shekaranjiya da safe na tashi na ji yashi a kan matashi. Na kira Tela muka ture sif ɗin nan da ƙyar, sai ga tsaga tun daga ƙasa har rufi, yatsana yana shiga. Na sa riga na zagaya ta babbar ƙofa, inda yanzu akwai mai gadi da ke tambayar wurin wa na zo, a filin da babana ya ƙarar da ƙarfinsa. Na samu Injiniya a gindin zanen tafki.

Na ce, “Ranka ya daɗe, katanga ta tsage.”

Ya dubi zanen sama da ƙasa. “Ban ga tsaga ba, Baba. Ta wane gefe?”

“Ta gefenmu.”

“To ai ka ga an raba. Daga tsakiyar bulo zuwa nan tamu ce, daga tsakiya zuwa can taku ce. Ku da kuka yi ta zarya kuna cewa bangonku ne? An bar muku. Sai ku kula da abinku.”

Na yi masa godiya, don iyayenmu sun koya mana ladabi. Har na juya ya kira ni, ya ce in shaida wa mutanen layi kada kowa ya buga ƙusa a jikinta, kayan tarihi ce.

Yanzu dai mun jawo gado tsakiyar ɗaki, madubi yana ƙasa a jingine da buhu. Tela ya rataya zare da ɗan dutse daga saman bangon don mu ga ko a miƙe yake. Dutsen bai taɓa bango ba, a iska yake lilo. Katangar ta fara karkata, kuma ba gefen tafki ta nufa ba.