Baƙina na Indiya

Na miƙe a tsakiyar taron da aka kira kan maganin tsuntsaye, littafin tsuntsaye na malamin gona a hannuna. Wata shida ke nan da iya karatuna, ga tsuntsaye suna cinye mana hatsi.

Na ce, "Ba jan-baki ba ne! Ga hotonsa, an rubuta iri uku ne, wannan na Indiya ne. Maganinku ba ya kama shi."

Mai gari ya fara zancen a mai da maganin can Magariya, inda aka kawo shi.

Malamin ya leƙo littafin. Ya ce, "Inna, rubutun hoton da ke ƙasa kika karanta. Na sama jan-bakinmu ne."

Har yau in na shiga kasuwar Bande sai mata su ce, "Inna, ya baƙinki na Indiya?"