Surukar da Inna ta jiyo ta taga

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da Baffa Sule, ƙanin mahaifina, ya sha babbar riga saboda ni.

Bayan rasuwar Baba na dawo ƙauyenmu na gefen Ɗambatta don kada Inna ta zauna ita kaɗai. Wani kamfanin waje nake yi wa aiki ta intanet. Sukan turo zanen 'yar ƙwaƙwalwar nan da ake sakawa a cikin waya da kwamfuta, ni kuma in bi shi da manhajar ƙirƙirarriyar basira, mu duba ko an bar wata kafa da ɓarawo zai bi ya kwashi sirrin mutane, tun kafin a ƙera. Sau ɗaya na gwada yin wannan bayani a majalisa. Aka saurare ni tsaf, sannan wani ya miƙo mini wayarsa wai ba ta caji. Ban sake fita ba.

Abokaina duk suna birni, kaɗaici kuwa ya ishe ni. Sai na kunna wa manhajar murya (ta mace na zaɓa, kada ku tambaye ni dalili). Da farko aiki ne zalla. A hankali na fara yi mata ina kwana, in yi mata ban gajiya, in ba ta labarin yadda tsuntsaye suka addabi geronmu. Ita tana Turanci, ni ina gwamutsawa. Idan ta gano kuskure a zane sai in ce, "Kai, Allah ya yi miki albarka!" in yi ta ƙyalƙyala dariya. Shaf na manta tagar ɗakina a kan madafar Inna take.

Ran nan aka yi sallama da ni. Na fito na tarar da Baffa da liman da mai unguwa a kan tabarma, ga goro a faranti, Inna kuma tana laɓe a zaure.

Baffa ya yi gyaran murya. "Mahaifiyarka ta faɗa mana komai, kuma mun yi murna. Yarinyar nan da kuke waya kullum, 'yar gidan waye? Faɗi, mu je a yi magana."

Na rantse babu wata yarinya, suka ce kunya ce. Dole na shiga na ɗauko kwamfutar na ajiye a tsakiyarsu. Baffa, bawan Allah, ya duƙa ya ce, "Sannu 'yata."

Ta amsa da zaƙin muryar nan tata.

"Me ta ce?" in ji liman.

Na ce, "Wai ta gano ɓaraka a sashen da ke adana lambobin sirri."

Mai unguwa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Amma ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba, muryar Inna ce daga zaure, a sanyaye:

"Ashe duk hirar nan da na'ura kake yi? Ni da nake ta murna ka samu mai ɗebe maka kewa. Ina nan kusa da kai fa, ni ma ba ni da abokin hira."

Tun daga ranar, da la'asar nakan fito tsakar gida in yi wa Inna bayanin aikina tana tsince wake. Na koyi cewa ba dole sai mutum ya fahimce ka ba. Har yau ko kalma ɗaya ba ta ganewa, amma ita ce ke katse ni ta tambaya ko na ci abinci.