Yaƙin Alhaji Lawwali a Ƙofar Iya Lamai

Muna buɗe wannan tarihi da sunan Mai rabo, wanda ya ba wasu ilimi, ya ba wasu mulki, ya ba zuriyar Mayana Mai-Jakai ta Ƙauran Namoda iya ciniki. Amma ba'adu, wannan labarin sadauki ne ɗan sadauki, Alhaji Lawwali Mai-Duwatsu, ɗan Bawa Dillali, jikan Mayanan nan da aka ce ya fara taya wata jaka tun tana da ciki, bai bar wurin mai ita ba sai da ɗanta ya isa ɗaukar kaya, ya koro su biyu gida a farashin ɗaya. Guguwar kasuwa, ciwon kan dillalai, na Ige mai sa mai kaya ya ji kunyar kayansa! A gidansu ba a taɓa samun wanda ya biya farashin farko ba, ko da na allura ne, kuma duk yaron da ya yi haka ba a ba shi tuwon dare sai ya koma ya karɓo ragi.

Ƙaddara ta ɗauki wannan gwarzo ta ƙetare teku da shi, ta sauke shi a Cantaburi ta ƙasar Tailan, garin da fatake daga kowace nahiya suke haɗuwa cinikin duwatsu masu daraja. Ya daɗe yana raɓe a wani ɗan ɗaki a saman gidan abincin Musulmi tare da 'yan'uwansa fatake, kowa da tabarmarsa da ƙugiyar rataye riga, har saƙo ya iso daga fadar uwargida Hajiya Ige cewa takardunta sun fito, tana nan tafe, kuma ta rantse ba za ta kwana a ɗakin gwauraye ba. Nan take aka kaɗa gangar neman gida. Aka naɗa Malam Sanda Tafinta sarkin yaƙi, wani dattijo mutumin Maraɗi da ya daɗe a ƙasar har ya auri 'yar garin, yana jin harshensu fiye da yadda yake jin na iyayensa yanzu.

Malam Sanda ya kai shi wata tsohuwar unguwa a bakin kogi, inda gidaje suke jere manne da juna, kowanne siriri dogo, shago a ƙasa, wurin kwana a sama, ta yadda mutum zai sauko daga gadonsa ya tarar da kansa a bakin sana'a. A tsakiyar jeren nan akwai wani gida da ake neman ɗan haya. Gaban shagonsa ba bango ba ne, ƙyamare ne na baƙin katako masu ninkewa ɗaya kan ɗaya, an sassaƙa furanni da tsuntsaye a samansu, shekaru da shafar hannuwa sun goge su har suna ɗaukar ido. Mai rubuta wannan tarihi ba zai ɓoye gaskiya ba, Alhaji Lawwali ya kamu da son ƙyamaren nan tun kafin ya cire takalminsa. Ya hango kansa zaune a tsakaninsu da babbar riga, tiren duwatsu a gabansa, fatake suna wucewa suna cewa wancan ne shagon Alhaji. Gidaje suna da yawa a Cantaburi, amma shi ƙyamaren nan yake so.

Mai gidan wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi, ana ce mata Iya Lamai. Ta tarbe su da haɗa tafukan hannu a ƙirji kamar yadda mutanen ƙasar suke gaisuwa, ta kawo musu shayi da ƙanƙara, ta zaga da su sama da ƙasa. Ta ce kakanta ne ya sassaƙa ƙyamaren da hannunsa, kuma kowace shekara ita take shafa musu mai. Daga nan ta faɗi kuɗin haya. Farashin ya yi sauƙin da Malam Sanda ya sa ta maimaita, sannan ya matso kusa da kunnen maigidansa.

"Alhaji, karɓi kawai. Wallahi kyauta ta ba ka."

Ina! Jinin Mayana Mai-Jakai ya riga ya motsa. Sadauki ya ajiye kofin shayi, ya naɗe hannun riga, ya tura hula ƙeya, ya tuno babbar wasiyyar gidansu, wadda uba yake gaya wa ɗansa tun kafin ya koya masa ɗaurin wando, cewa abin da ka fi so a cikin kaya shi za ka fi kushewa. Ya fara kai farmaki ta ɓangaren matakala, ya ce wannan ai tsani ne, uwargidansa mace ce mai jiki, in ta hau sama sai an kira ma'aikatan kashe gobara su sauko da ita. Ya karkata dakarunsa zuwa kogi, ya ce sauron da ke kwana a bakin ruwan nan ya isa ya ɗauke mutum da gidan sauronsa. Da ya ga fage ya yi zafi, sai ya zare babban takobi ya nufi ƙyamare, zuciyarsa tana roƙonsu gafara, bakinsa yana zuba musu wuta. Ya ce itacen girki ne aka jera aka kira shi ƙofa. Ya ce abincin gara ne, ɓarawo mai mura ma zai buɗe su da atishawa, a garinsu ko garken awaki ba a sa wa irinsu. Wane mahaukaci ne zai ajiye duwatsu masu daraja a bayan ruɓaɓɓen katako?

Malam Sanda, wanda ya san garin, ya riƙa tace maganar yana miƙa wa tsohuwa 'yar kaɗan mai laushi. Amma Alhaji ya lura cewa duk doguwar huɗubar da ya yi, tafinta yana gama fassara ta cikin numfashi guda.

"Faɗa mata duka, Malam! Kada ka rage ko gara ɗaya!"

Malam Sanda ya share gumi ya faɗa mata duka. Iya Lamai ta yi murmushi. Da aka zo kan garken awaki murmushin ya ƙara faɗi, ta ɗan rusuna. Tafinta ya san cewa a ƙasar nan mutum yakan yi irin wannan murmushi lokacin da aka kunyata shi, don kada baƙo ya ga ɓacin ransa. Shi kuwa Alhaji, wanda ya yi karatun fuska a kasuwar Ƙaura, ya ɗauka tutar abokan gaba ce ta fara karkata. Ya yi tayi na wulaƙanci, ya jira ta ce albarka a ci gaba da fafatawa. Ita kuwa ƙyamaren kawai take kallo.

A nan ne gwarzo ya fito da makamin ƙarshe, wanda kakanninsa suka ci kasuwanni da shi tun daga Zamfara har Gwanja, wato tafiya. Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya sa takalmi, ya kama hanya a hankali, ƙafafunsa suna gaba, kunnuwansa duka biyu suna baya, yana jiran muryar da ba ta taɓa saɓa wa zuriyarsa ba, muryar mai kaya yana cewa dawo, kawo kuɗin. Ya wuce mai sayar da taliya, shiru. Ya tsaya ya gyara hular da ba ta karkace ba, shiru. Ya ciro waya ya amsa kiran da ba a yi masa ba, ya tsaya yana yaba wasu busassun kifaye da aka shanya a bakin hanya har mai su ta fara ƙulla masa a leda. Da ya kai ƙarshen unguwa ya saci kallon baya, bai ga kowa ba sai Malam Sanda yana biye da shi, riƙe da lemar da ya manta.

Rundunar ta koma sansaninta a gidan abinci, aka shiga zaman ƙawanya. Alhaji ya shaida wa fatake cewa tsohuwa tana can tana juyi, yau ko gobe za ta aiko. Gobe ta zo ta wuce. A fili yana shan shayi yana dariya, a ɓoye tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don labari ya zo cewa an ga wani Bature mai gajeren wando yana ɗaukar hoton gidan. Hajiya Ige tana bugo waya tana tambayar launin labulen da za ta taho da shi, yana ce mata layin ba kyau. Malam Sanda ya ba shi shawara su sayi kwandon 'ya'yan itace su je su ba tsohuwa haƙuri, Alhaji ya ce tunda aka kafa gidansu ba a taɓa komawa wurin mai kaya ba kira ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Duk da haka kowace safiya yakan bi ta bakin unguwar, wai motsa jiki yake yi, ya kasa shiga.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Sanda ya shigo sansani da sauri, ya ce Iya Lamai ta aiko, tana son ganin Alhaji.

"Allahu akbar! Ban gaya muku ba? Ta kira!"

Aka ciro babbar riga daga ƙasan akwati, aka yi ɓarin turare, fatake suka ajiye cokula suka mara masa baya, har da wani Bamale, mutumin Mali, da bai san abin da ake ciki ba. Tawaga ta ratsa unguwar bakin kogi, mai taliya ta daina juya tukunya, mai kifi ta miƙe tsaye, jikan Mayana yana gaba yana taku ɗai-ɗai, ana yi masa kirari da guguwar kasuwa, wanda ya tafi aka kira shi, wanda ya koya wa mutanen gabas yadda ake ciniki. Ya wuce gidan bai gane shi ba, sai da Malam Sanda ya jawo hannun rigarsa.

Ƙyamaren babu su. A wurinsu an kafa sabuwar ƙofar ƙarfe irin mai naɗewa sama, ruwan toka, tana warin fenti, irin wadda ke gaban kowane shagon sayar da taya a duniya. Iya Lamai tana tsaye a gefenta, hannuwa a haɗe. Ta bakin tafinta ta ce maganar Alhaji ta dame ta ƙwarai, ta ji kunyar ta nuna wa baƙo mai daraja ƙofar da ba ta dace da shi ba. Ta ce ya yi mata afuwa, ba ta da ikon faɗaɗa matakala, ba ta da ikon matsar da kogi, amma ƙofa kam ta gyara, kuma ba za ta ƙara komai a kan kuɗin da ta faɗa tun farko ba. Ta ja ƙarfen sama don ya gani, ya yi wata ƙara da ta tashi tantabarun unguwa. Sannan ta tambaya ko yanzu Alhaji ya gamsu.

Fatake suna kallonsa, suna gyaɗa kai suna cewa lalle Alhaji ya iya, har sabuwar ƙofa ya sa an yi masa. Sadauki ya ce ya gamsu. Ya karɓi gidan a farashin farko, abin da wani namiji a zuriyarsu bai taɓa yi ba, ya kuma yi godiya a kai. Da taro ya watse, ya tambaya da ƙaramar murya inda aka kai itacen girkin nan. Tsohuwa ta nuna masa tsallaken hanya, daidai saitin shagonsa. Wani mai sayar da kofi, ana ce masa Wirat, ya yi shekara da shekaru yana roƙonta ta sayar masa da su tana ƙi. Da ta ji cewa ba su da amfani, sai ta ba shi kyauta. Ga su can an kafa, sun sha sabon mai, wasu baƙi suna ɗaukar hoto a gabansu.

Tarihi ya tabbatar cewa gwarzo bai miƙa wuya nan take ba. Ya ja Malam Sanda suka tsallaka, da niyyar ya fanshe su ko nawa ne. Da ya tsaya a gabansu tsohuwar ɗabi'a ta taso, ya fara cewa ai wannan katako, sai tafinta ya dube shi ya ce in ya ƙarasa, yau zai nemi wani tafintan. Alhaji ya haɗiye sauran. Ya shafa tsuntsun da aka sassaƙa, ya faɗi gaskiya a karon farko a gaban mai kaya, ya ce tunda yake yawon duniya bai taɓa ganin ƙyamare masu kyan waɗannan ba, kuma ransa yana son su.

Wirat ya yi farin ciki ƙwarai. Ya ce shi ma haka yake gani, shi ya sa ba zai taɓa rabuwa da su ba, amma tunda maƙwabcinsa yana ƙaunarsu haka, ya riƙa zuwa yana zama kusa da su duk lokacin da ya ga dama. Ya jawo masa kujera, ya kawo masa kofi, ya faɗi kuɗinsa.

Alhaji Lawwali ɗan Bawa Dillali, jikan Mayana Mai-Jakai, ya sa hannu a aljihu ya biya bai taya ba. Kofin ma ɗaci ne da shi.